In mayar da katin zaɓena Legas, ko in ci gaba da zuwa Kano zaɓen shugaban ƙasa?

Ɗan Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema ga waɗanda suka taɓa yi. Ni ɗan Gwale ne, a can na yi rajista, amma shekarata bakwai ina sayar da albasa a Legas, iyalina ma suna nan tare da ni. A 2023 ban samu zuwa gida ba saboda ƙarancin takardun kuɗi, abin kuma har yau yana damuna. Yanzu kawuna ya kira ni, wai kada in kuskura in taɓa katina, yana so in zo in tsaya musu ejan, wato wakilin jam'iyya, a akwatinmu ranar zaɓen shugaban ƙasa. Ni kuma tunanina in mayar da rajistar nan Legas in huta. Tafiya ɗaya kawai zan iya yi, ba zan iya barin rumfa sau biyu ba, ga maiɗakina da yara biyu ƙanana. Tambayata: wanda ya taɓa mayar da kati, ya abin yake? Wanda kuma ya taɓa ejan a Kano, me ya gani? Don Allah ban tambayi wanda zan zaɓa ba.

Sarkin Yaƙi: Wa alaikumus salam. Ka zo gida ka zaɓi mutuminmu kawai, ka san wanda nake nufi. Kano ba ta wasa.

Maman Hanifa: Ɗan'uwa ka je ka yi rajista tun da wuri, kada ka bari sai an kusa rufewa. Layi ne zai kashe ka.

Ɗan Mile 12: Hajiya ai ina da kati. Mayarwa nake magana.

Malam Na Gwammaja: Ni shawarata ka mayar Legas, kuma ga dalilina. Dubi 2023. A Kano Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Peter Obi 28,513. Tazarar na ɗaya da na biyu ta kusa dubu 480. A Legas kuwa Obi 582,454, Tinubu 572,606, bambancin bai kai dubu goma ba. Inda ake kankankan nan ƙuri'arka take da nauyi. A Kano ko ka zo ko ba ka zo ba, ruwa ka ƙara wa teku.

Ummu Sadik: Malam, da girmamawa, wannan lissafin na Amurka ne. A can ne a yawancin jihohi wanda ya ci yake kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Mu a nan ƙuri'un duk ƙasa ake tarawa wuri ɗaya, ta Gwale da ta Agege darajarsu ɗaya. Abin da jiha take ƙarawa shi ne sharaɗin kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shi ya sa Tinubu, duk da bai ci Kano ba, ya fita da abin da yake nema, don ya samu wajen kashi 30. Atiku ko kusa bai yi ba. Kwankwaso kuma duk ƙasar nan 1,496,687 ya samu, kashi biyu cikin uku daga Kano kaɗai. Ka ga cin jiha daban, cin zaɓe daban.

Malam Na Gwammaja: Na karɓi gyara a kan tarawar. Amma maganata tana nan, wahalar tafiyar ba ta kai ladar ba.

Bazazzage: Bakano zai bar rumfar albasa kwana huɗu don ƙuri'a ɗaya? Ai sai dai in a rumfar zaɓen ma zai baza hajarsa. Ku da ko gaisuwar mutuwa kuka je sai kun tambayi farashin buhu.

Sarkin Yaƙi: Bawanmu, manya na magana. Je ka kawo mana ruwa.

Tsohon Ejan: Ƙanina, bar su da wasansu, saurare ni. Ni na yi ejan ranar 25 ga Fabrairu 2023, ba zan faɗi jam'iyya ba, ba zan faɗi ƙaramar hukuma ba, don duk halinsu ɗaya.

Daren Juma'a aka tara mu a gidan wani babba, aka ba mu katin wuya, aka ce kowa naira dubu ashirin, rabi da safe rabi in an kai sakamako. Da safe kodineta ya ce babu tsabar kuɗi, kowa ya ba da lambar asusu. Muka bayar. Na isa makarantar firamaren da akwatinmu yake tun ƙarfe bakwai, ko karyawa ban yi ba. Malaman zaɓe, yara biyu 'yan bautar ƙasa da wani ɗalibi, ba su iso ba sai wajen sha ɗaya. Mata sun cika inuwar darbejiya da goyo, tsofaffi a kan benci. Akwai wata gyatuma da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar yatsanta, hannun duk ya goge da surfe, sai da aka ɗauki fuskarta sannan ta wuce. Tana fitowa ta ɗaga babban yatsa da tawada tana dariya. Wannan kaɗai ne abin daɗin da na gani ranar.

Aka fara ƙirga bayan magariba, da fitilar waya. Ana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya, jama'a na amsawa da ƙarfi. Mun kai wajen ɗari da wani abu sai ga yara a babura uku da gora. Ban san wanda ya turo su ba har yau. Ɗan sanda ɗaya ne a wurin, ba shi da ko kulki. Ƙanina da ya kawo mini abinci shi suka samu a ƙeya. Mutanen unguwa ne suka yi musu a-tule suka gudu, akwati bai tafi ba. Na ɗaure masa kai da rawanin wani dattijo, aka sa shi a a-daidaita-sahu, ni kuma na tsaya, don in na tafi ba mai sa hannu a takardar sakamako a madadinmu. Na sa hannu, na karɓi kwafina, na bi su har wurin tattarawa na mazaɓa, ban bar can ba sai ƙarfe uku na dare.

Ɗinki shida aka yi wa yaron nan. Kuɗin magani mahaifiyarmu ce ta sayar da tunkiyarta. Dubu ashirin ɗin? Dubu uku ce ta shigo bayan kwana tara. Na yi sintiri gidan mutumin nan har na gaji, kullum maigadi ya ce oga yana Abuja. Rannan na gan shi a wurin ɗaurin aure, na miƙa hannu, ya tambaye ni daga ina. Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba, wallahi ko sannu ba wanda ya zo ya yi wa ƙanina.

Maman Hanifa: Innalillahi. Allah ya saka muku, ya ƙara wa yaron lafiya.

Abban Khalifa: Allah ya kyauta. Amma Yaya, mu dubu goma aka ba mu cif, a hannu, tun daren Juma'a, har da shinkafa da rana. Ya danganta da wanda ya kawo ka.

Tsohon Ejan: Tsabar kuɗi a watan Fabrairun 2023? Lokacin da mutane ke kwana a bakin ATM, mai POS na cire dubu ɗaya a cikin biyar? A ina suka samo?

Abban Khalifa: Tsofaffin 'yan ɗari bibbiyu ne, ai su Buhari ya ce a ci gaba da karɓa. Daurin ya cika mini aljihu.

Auta: Mu dubu biyu da taliya leda biyu. Ashe har a ejan ma akwai 'yan bora.

Baba Mai Ritaya: Yara, ku yi haƙuri da tsoho. Duk wanda ya tsaya ejan don kuɗi ya riga ya faɗi, don wanda ya fi biya zai saye shi kafin la'asar. Aikin ejan ido ne. Ka tabbata akwati fanko ne kafin a rufe, ka duba an buga hatimi an sa hannu a bayan kowace ƙuri'a kafin a miƙa wa mutum, ka tsaya a rubuta sakamako a fom EC8A a gabanka, adadin da na'ura ta tantance ya dace da abin da aka rubuta. Kun manta abin da ya faru a zaɓen gwamna? Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Gawuna 890,705, amma a watan Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba a kan maganar hatimi da sa hannu. Sai da aka kai Kotun Ƙoli, ranar 12 ga Janairu 2024, sannan magana ta mutu. Da kowane ejan ya buɗe ido a rumfarsa, da jihar ba ta yi wata huɗu zuciya a hannu ba. Ɗana, in kawunka ya yarda da kai har ya kira ka, ka je.

Tsohon Ejan: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kun taɓa tsayawa da kanku a 'yan shekarun nan? Zamaninku a bayan hoton ɗan takara ake yin layi a ƙirga kawuna. Yanzu yaran da ke zuwa ba su san girman furfura ba.

Baba Mai Ritaya: Na yi layin, na kuma ga ranar da Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jiharsa ta haihuwa, a 1993. Tun 1979 nake dangwala ƙuri'a. Wanda aka fasa wa kan ƙane yana da hakkin ya yi fushi, amma fushi ba shawara ba ne.

Ummu Sadik: Ni dai a ganina wanda ya tsaya a 2023 ya fi cancanta a saurara, shi ya ga na'urar, shi ya ga gorar. Kuma duk kun manta mutumin nan ya ce yana da mata da yara ƙanana a Legas. Ranar zaɓe ba a zirga-zirga, garin kuma kun san yadda yake ɗaukar zafi. Wa zai zauna da su?

Sarkin Yaƙi: Waɗanda ke zaune a waje ba su da bakin faɗa mana yadda Kano take.

Ummu Sadik: A Ɗorayi nake, Malam. Nan na yi zaɓe.

Direban Tirela: Maganar tafiya ku tambaye ni. A 2019 na ɗauko mutum goma sha ɗaya daga Agege kyauta, a saman kaya, duk zaɓe za su. Mun wuce Jebba, mun wuce Mokwa, mun shigo Kano daren Juma'a kowa a gajiye. Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare sai ga sanarwa a rediyo an ɗage zaɓen daga 16 ga Fabrairu zuwa 23. Mutum huɗu ne kawai suka iya jiran satin, sauran na mayar da su Ikko ba su dangwala komai ba. Wani mai gyaran takalmi a cikinsu har hawaye ya yi. Ka sa wannan a lissafinka.

Ɗan Mile 12: Yanzu nawa ne kuɗin mota zuwa Kano? Rabona da gida tun babbar sallar bara.

Abban Khalifa: Dubu talatin da biyar na biya a doguwar bas.

Maman Hanifa: Wace shekara? Ƙanwata ta zo watan jiya, dubu hamsin da biyu, ban da kuɗin kaya.

Direban Tirela: In za ka iya saman tirela, dubu goma sha biyar ma an kai ka. Amma ba na ba mai iyali shawarar haka, na ga abin da na gani a hanyar nan.

Auta: Satin zaɓe duk ku ninka abin da kuka faɗa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni na mayar da nawa daga Fagge zuwa Kaduna kafin zaɓen 2023. Na fara cikewa ta intanet, na kai takardar ofishin zaɓe na ƙaramar hukumar da na koma, daga baya na je na karɓi sabon kati. Sai lokacin da aka buɗe rajista ake yi, kuma kada ka sake yin sabuwar rajista, laifi ne. Abin da ban yi tunani ba shi ne ranar 18 ga Maris, ina zaune a Kaduna ana zaɓen gwamna a Kano, 'yan gidanmu duk suna layi ni ba ni da ta cewa. In ka mayar, ka bar sanata da ɗan majalisa da gwamnan Kano gaba ɗaya, ba shugaban ƙasa kaɗai ba.

Ɗan Mile 12: Na gode Hajiya, wannan nake son ji. Kwana nawa sabon katin ya ɗauka?

Malam Na Gwammaja: Kafin ta amsa, ku duba wani abu. A 2015 Buhari shi kaɗai ya samu 1,903,999 a Kano. A 2019 ya sauko 1,464,768. A 2023 in ka haɗa manyan 'yan takara huɗu duka ba su kai abin da ya samu shi kaɗai a 2015 ba, alhali masu rajista sun haura miliyan biyar da dubu ɗari tara. Mutane sun gaji ne.

Direban Tirela: Ba gajiya ba ce kawai Malam, ba kuɗi, ba mai. Kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ai abin ya ƙara lalacewa. Mu namu ma gas ne, amma taya, da juyen baƙin mai, da abin da ake karɓa a kowane shinge daga Badun zuwa Tegina, duk a kan fasinja da mai kaya yake ƙarewa.

Maman Hanifa: Wallahi kuwa. Da dubu biyu nake cefane har da nama. Yanzu albasa uku ɗari biyar. Ɗan Mile 12, ku ma ku ji tsoron Allah.

Ɗan Mile 12: Hajiya ba laifinmu ba ne, kuɗin ɗauko buhu daga Aliero zuwa nan ya ninka fiye da sau biyu, ga na 'yan dako, ga na kasuwa, ga wanda ke ruɓewa a hanya. Hajiya Mai Atamfa, ina jiran amsar kwanakin.

Bazazzage: Na faɗa muku za a ƙare a farashin buhu.

Auta: Direba, shinge nawa ne yanzu tsakanin Ilori da Mokwa? Wancan zuwan na ƙirga har na rasa lissafi.

Direban Tirela: Ya danganta da dare ko rana. Bari in sauke kaya, zan zo in lissafa muku ɗaya bayan ɗaya da abin da ake ajiyewa a kowanne.