Masu fentin ƙananan injinan yaƙi, ya kuke yi da hunturun nan?

Sadiq_Kawo:
Salam 'yan uwa. Masu haɗa 'yan injinan yaƙin nan na wasan tebur, irin na Warmachine masu tukunyar tururi a baya da bututun hayaƙi, dan Allah kowa ya faɗi yadda yake yi a hunturu. Ni dai tunda iskar nan ta fara fenti yake bushe min a bakin burushi kafin ma in kai shi jikin injin, ga ƙura, ka gama shafa ruwan tagulla ka juya ka dawo ka tarar duk ta manne.

Abba Rigasa:
Wslm. Wlh matsalar kowa ce. Ni abin da ya cece ni robar abinci mai murfi, ka jiƙa soso ka shimfiɗa a ciki, ka ɗora takardar gashin kek a kai, sai ka ɗiga fentin a kan takardar. Ruwan yana ratsowa a hankali, fentina na kamfanin Vallejo yana kwana bai bushe ba in na rufe. Ƙura kuma da na gama shafawa sai in kife kwali a kai shikenan.

Anti Mami Barnawa:
Sadiq ka ma yi sa'a burushi ne. Gwada fesa firaima ta gwangwani, wato fentin shimfiɗa na farko, da rana tsaka ka gani, fentin a iska yake bushewa kafin ya sauka, sai jikin injin ya fito da gurji-gurji kamar an barbaɗa yashi, duk 'yan kawunan ƙusoshin nan da su ne adon abin sun toshe. Ni da yamma nake fesawa yanzu, in fara ɗora gwangwanin cikin ruwan ɗumi, ɗumi fa ba zafi ba, in girgiza sosai sannan in matso kusa kaɗan. In ya riga ya ɓaci a jiƙa a Dettol ya kwana, a goge da tsohon burushin haƙori. Kar wanda ya sa abin goge farce, narkar da roba yake.

Sadiq_Kawo:
Anti na gode, Dettol ɗin da ruwa ko zalla?

Anti Mami Barnawa:
Zalla. Kuma kar ka sa ruwa sai fentin ya gama fita, in ba haka ba danƙo zai yi.

Injiniya_Kakuri:
Ku masu sayen na waje kenan, da wannan tsadar dala. Ni nawa duk haɗi ne, in shiga Panteka in tsinto guntayen waya da bututu, in bi masu gyaran agogo in karɓi kayan cikin waɗanda suka mutu, murfin kwalbar magani shi ne tukunyar tururi, wanda ya yi motar kara yana yaro ya san aikin. Ni matsalata a hunturu sufa gulu ce, danshi take so kafin ta kama, yanzu kuwa sai ka yi ta riƙewa hannu ya gaji. Na koma ɗan hura mata numfashi, ko in barbaɗa bekin soda ta daskare nan take har ta cike rami.

Abba Rigasa:
Injiniya naka ai sun fi na kanti kama da tsohon kan jirgin ƙasa gsky. Ya kake fito da koren nan na jikin jan ƙarfe?

Injiniya_Kakuri:
Kore mai ɗan shuɗi nake tsinkawa da ruwa sosai ya gangara cikin lunguna da gindin ƙusoshi. Amma yanzu kam sashe-sashe nake bi, in ka shafe jikin gaba ɗaya bushewa yake ya bar maka zobe-zobe.

Anti Mami Barnawa:
Ni dai gara hunturun ma a kan damina, a watan Agusta ka fesa banish, wato shafin ƙarshe mai kare fenti, komai ya yi fari fat. Injiniya turo hoton mai ƙafa shidan nan mu gani.