Makarantar 'yata ta kawo yoga, Abbanta ya ce ba da 'yarsa ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ilham shekarunta 13, tana aji biyu a ƙaramar sakandare a nan Abuja. Makon jiya ta dawo da takarda wai daga wannan zangon za su riƙa yin yoga, wato wani motsa jiki na miƙe-miƙe da sarrafa numfashi, na minti ashirin duk Laraba kafin a shiga aji, don yara su samu natsuwa. Abbanta na karantawa ya ninke takardar ya ce ba da 'yarsa ba, bautar Hindu ce. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. Yarinyar nan da jarrabawa ta matso ba ta barci, ta yi ta cizon farce har ya yi jini, ranar lissafi kuwa sai ciwon ciki. Mun je asibiti an ce lafiyarta ƙalau, fargaba ce. Akwai wanda ɗansa ya taɓa yi? Da gaske yana taimakawa?

Abban Sadiq:
Wa alaikumussalam. Hajiya, maigida yana da hujjarsa. Yoga daga Indiya ta fito, kuma a can tana haɗe da addini. Akwai jerin motsin da suke kira surya namaskar, wato gaida rana, akwai kuma jan kalmar "om" da suke yi. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda irin waɗannan abubuwa. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: wadda ke da kirari da ibadar Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ne zalla ba laifi. Don haka kafin ku kai wa malaminku tambaya, ki je ki ga me za a koya wa yaran. In kika ce masa "yoga" kawai, amsar da zai ba ki kin riga kin san ta.

Anti Hauwa:
Ƙanwata, ni daga Ingila nake rubutu, kuma nawa biyu duk sun yi a firamare. Abin da na gani da idona miƙe-miƙe ne da tsayuwa a ƙafa ɗaya kamar zalɓe, sai a kwanta a rufe ido. Ƙaramin ya so abin, babban kuwa barci yake shara, har malamar ta taɓa gaya mini yana munshari. Ba mu kaɗai muke wannan gardama ba ma: jihar Alabama ta Amurka ta hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, sai 2021 aka sake, kuma da sharaɗin ba kirari, ba cewa "namaste", gaisuwar Indiyawa.

Amma kada ki ɗora wa abin buri. A nan Ingila an yi wani babban bincike ƙarƙashin jami'ar Okusfod, da yara sama da 8,000, kan darasin tattara hankali a aji, wanda ba yoga ba ne amma shi ma don natsuwa ake yin sa. Da sakamakon ya fito a 2022, lafiyar ƙwaƙwalwar waɗanda aka koya wa ba ta fi ta sauran ba, kuma da yawansu ba sa yi a gida. Abin da aka tilasta wa ɗan shekara 13 ya yi a gaban abokansa suna ƙyaƙyata dariya, ai kin san inda zai ƙare.

Nas Rabi:
Maman Ilham, ni farcen nan da ciwon cikin ne suka fi tsaya mini a rai. Ko Abbanta bai yarda ba, akwai abin da za ki koya mata yau da daddare ba tare da tabarmar kowa ba. Ta zauna, ta ɗora hannu a ciki, ta ja iska ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake ta a hankali tana ƙirga shida. Sau goma. Sakin numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, shi ne sirrin. Ku yi tare, kullum, ba sai daren jarrabawa ba. Ki kuma karɓe waya tun bayan isha'i. In bayan 'yan makonni har yanzu ba barci, ko ta fara ƙin abinci, ku koma wurin likita ku ce fargabar ce kuka zo a duba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na je makarantar jiya Laraba na tsaya ta taga. Mata daban maza daban, ba kiɗa ba kirari, amma da aka zo ƙarshe malamar ta sa su haɗa tafin hannu a ƙirji su sunkuyar da kai. Na same ta na ce wannan kam a cire wa tawa, ta ce ba matsala, ba ni ce ta farko ba. Abbanta ya ce zai kai wa malaminsa bayanin ranar Asabar. Numfashin kuma mun fara, Nas Rabi, amma a na shida ni ce na fara hamma, ita tana ta dariya.