Wai me za mu kira "Circuit" ɗin kotunan Amurka da Hausa?

Mai fassara:
Salamu alaikum jama'a, ina neman taimakon lauyoyinmu da masana harshe. Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayyar Amurka kowacce Circuit suke ce mata su haɗa da lamba, ta biyar, ta tara da sauransu, kuma kullum suna cikin labarai, yau hukunci kan korar baƙin haure, gobe kan ma'aikacin da aka sallama saboda addini ko launin fata, jibi kan wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai. Na ga masu rubuta kotun zagaye, na ga kotun da'ira, har da kotun tafi-da-gidanka. Wanne za mu riƙe?

Barista:
Wa alaikumus salam Malam. Tafi-da-gidanka dai a cire ta tun yanzu, mu nan ai ita ce wadda ake kafawa bakin titi ranar tsaftar muhalli ta ci mutum tara nan take. Waɗannan kuwa daga su sai Kotun Ƙoli. Guda 13 ne, 11 masu lamba, ɗaya ta birnin Washinton, ɗaya kuma ita ba ƙasa aka yanka mata ba, nau'in shari'a aka ba ta kamar rigimar haƙƙin ƙirƙira. A ƙarƙashinsu akwai kotunan gunduma 94. Alƙalai uku ne ke zama, ba a kiran shaidu, takardun shari'ar baya kawai suke bi su ga ko alƙalin farko ya kauce wa doka.

Baba tsohon hedimasta:
Yarana ku duba rangadi mana. Kalmar tamu ce, hakimi na rangadi, sarki na rangadi, kuma asalin sunan ke nan, alƙalansu a kan doki da keken doki suke bin garuruwa suna shari'a. Kotun rangadi ta tara, ni ya yi mini daɗi a baki.

Barista:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, tarihin haka yake ba ragi. Tun 1789 alƙalan Kotun Ƙoli da kansu ke wannan yawon, wahalar ta ishe su, a 1891 aka kafa waɗannan kotunan ɗaukaka ƙarar, a 1911 aka soke tsofaffin kotunan rangadin gaba ɗaya, suna ne kawai ya rage. To Baba abin da ya sa nake jin tsoron rangadi, mai karatu zai ɗauka tafiya ce aikinsu, alhali yau abin da kalmar ke nufi yanki ne, jihohin da ke ƙarƙashin ikon kotun. Ta biyar tana New Orleans, tana riƙe da Texas da Louisiana da Mississippi. Ta tara tana San Francisco, jihohi tara gare ta har da Kalifoniya da Arizona da Alaska da Hawaii, kujerun alƙalanta 29, babu mai girmanta. Eh alƙalanta kan zauna a Seattle ko Pasadena wani lokaci, amma ba shi ne jigon ba. Ni shawarata shiyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara.

Hajiya daga Houston:
Barista Allah ya saka da alheri, wallahi mu da ke zaune a nan wannan ba maganar ƙawa ba ce, mutum yana neman mafaka alƙalin shige da fice ya ƙi, ya je hukumar ɗaukaka ƙararsu ta sake ƙi, to daga nan kotun shiyyar da aka ƙarasa shari'arsa zai nufa, ba wadda ransa ke so ba, shi ya sa in aka kama mutum aka kwashe shi zuwa wurin tsare baƙi a Louisiana ko Texas za ka ga hankalin iyalinsa da lauyansa ya tashi, don ta biyar an san ta da tsauri a wannan fannin. Idan ɗan uwa a gida ya karanta wai kotun zagaye ta yanke kaza, zai bugo maka waya da murna ya ce ai an canza doka a Amurka, nan kuwa hukuncin bai ƙetare jihohinta ba. Shiyya kam tana faɗa masa akwai iyaka.

Mai fassara:
Hajiya na gamsu. Sai dai Barista ba za a rikita ta da tamu ba? Mu ma ai muna cewa kotun ɗaukaka ƙara ta Kaduna, ta Sakkwato, ta Jos.

Barista:
Tamu kotu ɗaya ce mai rassa, shugabanta ɗaya, don haka reshe ya kamata mu riƙa ce musu. Tasu kowacce cin gashin kanta take, hukuncin ta tara ba ya ɗaure alƙalin Texas, iyaka ya duba in ya gamsu ya ɗauka. Har sukan saɓa a kan doka guda, wannan sai mu ce saɓanin shiyyoyi, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa Kotun Ƙoli ta karɓi ƙara. In kuma alƙalan shiyya suka taru suka sake duba abin da ukun suka yanke, wato en banc, ni zaman cikakkiyar kotu zan ce, duk da a ta tara 11 ne ke zama saboda yawansu.

Baba tsohon hedimasta:
To na amince da shiyya, amma a ajiye mini rangadi domin in ana ba da tarihin kafin 1911.

Mai fassara:
An ajiye Baba. Bari in gwada mu ji: a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta goma da ke Denver ta ba kamfanin sayar da tufafi na Abercrombie & Fitch gaskiya a kan Samantha Elauf, wadda aka hana aiki a Tulsa saboda ɗankwalinta, a 2015 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, alƙalai 8 suka rinjayi 1. Ta zauna daram. Saura waccan ta 13 da ba ta da jihohi, ita shiyya ba za ta hau ta ba, Barista me ka gani?