Yawo da Iyali da Kare a Bakin Tafkin Kainji

Masunta da mafarautan Yauri da suka tattauna kan fita yawo da iyali da kare a bakin tafkin sun haɗu kan abu ɗaya: a fita bayan asuba, a dawo kafin ƙarfe 10. Rairayi na ƙona tafin kare. Ɗora bayan hannunka a ƙasa. In ka kasa jurewa, shi ma haka.

Kowa ya riƙe lita 2 na ruwa, kare da kwanonsa. A ɗaure shi da igiya, don shanun Fulani na zuwa shan ruwa.

Sun fi nanata maganar yara: kada su shiga ruwa mai ciyayi, nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake. In aka ga sawun dorina, a juya.

Da an dawo, a cire ƙarangiya tsakanin yatsun kare, a duba kaska a kunnuwansa.