Ruwan zafi ya ƙona 'yata ya yi bororo, in fasa ko in bari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekaranjiya da asuba na dafa ruwan wanka saboda hunturun nan, babu wuta, mai aikina ta tafi biki, ni kaɗai da yara uku ga na goye, sai 'yata mai shekara 4 ta ture bokitin. Bayan hannunta ya yi bororo. Kakarta ta shafa man goge baki da ɗanyen ƙwai, yanzu ta ce a fasa da allura. Muna Rigasa a Kaduna. Tabo nake tsoro, mace ce.

Nas: Kada ki fasa. Fatar bororon ce ke tare ƙwayoyin cuta. Ki wanke man nan da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙamshi, ki ɗora gos (ƙyallen rufe ciwo) mai basilin, ki naɗe da bandeji ba tamau ba, a canza duk kwana 2. Banda auduga, tana mannewa a ciwo. Da a lokacin da abin ya faru ne, minti 20 a ruwan famfo ya fi komai, ba ƙanƙara ba. Bororon ya kai yatsu? Ba ki faɗa ba.

Hajiya: Zuma zalla ta fi. Sai dai a kula da ta kasuwa, ana gauraya wata da sukari.

Mai kemis: A shafa Dermazin, man ƙuna, sau ɗaya a rana, da farasitamol na yara daidai nauyinta. Bororo babba da ya hana lanƙwasa hannu ana zuƙe ruwansa, amma a asibiti. Kada a sa shuɗin maganin ciwon nan (GV), yana ɓoye launin ciwon.

Nas: Dermazin na iya jinkirta warkewar ƙuna mara zurfi. Maganar tabo kuwa, lokaci ne ke yanke ta. In ciwon ya rufe cikin kwana 14, yawanci launi ne kawai zai canza ya dawo a hankali. In ya wuce mako 3, tabo mai tudu na iya fitowa ya janye yatsu. Ƙunar hannun yaro ta likita ce, ki kai ta asibitin Barau Dikko, a duba rigakafin tetanus ɗinta. Mugunya, wari ko zazzaɓi, ki tafi ko cikin dare ne. Bayan ya rufe, man kaɗanya da tausa kullum, a kare wurin daga rana wajen shekara guda.

Mai tambaya: Ai ba mu bar ta haka ba, man ya sanyaya mata. Babanta yana Legas, ba na fita sai da izininsa. Ɗaya daga cikin bororon ya fashe ɗazu, in yanke fatar?

Hajiya: Ki sa zuma, 'yata.

Nas: Ki kira babanta a waya. Bororon ya kai yatsu ko bai kai ba?