Mahaifiyata ta ajiye maganin asibiti saboda awarwaron maganaɗisu

Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema.

Hajiyarmu ta daɗe tana fama da amosanin gaɓɓai. Watan jiya wata maƙwabciya ta sayar mata da awarwaron maganaɗisu, wai yana jan ƙarfen da ke cikin jini ya kori ciwo. Tun ranar ta ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta mata.

Na bincika. A 2013 masana a Jami'ar York ta Ingila sun gwada irinsa a kan masu wannan cuta, ba su ga ya rage ciwo ko kumburi ba. Ƙarfen jini ma ba ya bin maganaɗisu haka, in ba haka ba da na'urar MRI, wadda asibiti ke ɗaukar hoton cikin jiki da ita ta hanyar maganaɗisu mai ƙarfi, ta halaka mutane.

Amma ita ta rantse ta samu sauƙi, alhali ina ganin yatsunta suna ƙara kumbura da safe. Na yi mata magana, ta ce na raina ta. Wallahi abin ya hana ni barci.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta yaya zan lallaɓa ta ta koma shan maganinta ba tare da na ɓata mata rai ba?