Na cire yayana daga zauren gida saboda labarai, yanzu Baba ba ya amsa gaisuwata

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina roƙon ku yi haƙuri da tsawon bayanina, domin abin ya hana ni barci. Ni ɗan kasuwar dabbobi ne a nan Maraɗi, ina sayen raguna a kasuwannin ƙauye in kai Jibiya ta Najeriya. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 na ji da kunnena a rediyo cewa CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba mana bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma kafin isha'i saƙonnin murya sun cika salula cewa an buɗe iyaka. Na ranci kuɗi wurin surukina, na haɗa raguna 22, na ɗauki shatar mota, muka kama hanyar Ɗan Isa, garin bakin iyaka, da asuba. Muka tarar da sanda a gicciye kamar yadda take tun wata bakwai. Kwana tara na yi a can ina sayen harawa da dusa da ruwan jarka, raguna biyu suka mutu, sauran na sayar da su a wulaƙance, na dawo da bashin jika ɗari huɗu wanda har yau ban gama biya ba.

Tun daga ranar na daina sauraron kowace tasha, ta waje ko ta gida. Da yake ni ke kula da zauren WhatsApp na gidanmu, na kafa doka cewa ba a saka labarin siyasa. Makon jiya yayana ya saka wani abu, muka yi ka-ce-na-ce, na cire shi. Rediyon Baba kuma ya lalace, ya ba ni in kai gyara, yana nan a ɗakina ban kai ba, saboda jininsa hawa yake duk lokacin da ya ji labarai. Yanzu in na durƙusa gaishe shi sai ya kau da kai. Yaya zan yi?

Tsohon malamin lakkwal:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Amma zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba: abin da ka ji a rediyo ranar nan ba ƙarya ba ne. Shugabannin CEDEAO sun zauna a Abuja, sun ɗage takunkumin. Sai dai iyaka ƙofa biyu gare ta. Najeriya ba ta ba da umarnin buɗe tata ba sai 13 ga Maris, mu kuma sai 22 ga Maris. Masu saƙon murya ne suka ƙara gishiri, kai kuma ka haɗa maganganun biyu ka yi lodi.

Ban ce ka yarda da kowa ido rufe ba. Kowace tasha tana da mai ciyar da ita. RFI da kuɗin gwamnatin Faransa take aiki. Muryar Amurka, wadda sashenta na Hausa ya fara magana a 1979, ta yi tsit a Maris na 2025 da gwamnatin Trump ta ba da umarni, kowa ya ga wanda ke riƙe da igiyar. Muryar Sahel da Tele Sahel kuwa na wanda ke kan kujera ne, haka na san su a ƙarƙashin soja da farar hula. Ni abin da nake yi shekara arba'in shi ne in saurari biyu masu adawa da juna, in riƙe abin da suka haɗu a kansa, wato wuri da rana, yawan mutanen da aka ce sun mutu kuwa in bar shi ya kwana uku kafin in maimaita wa kowa.

Ɗan unguwar Zariya:
Malam, da girmamawa, ban yarda da wannan ba. Ba a banza aka dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023 ba, kuma ba a banza aka dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024 ba, bayan ta ba da adadin sojojin da ta ce an kashe a yankin Tera, hukumomi suka ce ba haka ba ne. Wanda ke zaune a Landan ko Faris ba zai fi mu sanin abin da ke cikin gidanmu ba. Yayana mai tambaya, ka yi daidai da ka tsaftace zauren. Ka gyara wa Baba rediyonsa, amma ka tsayar masa da shi a tashar ƙasa.

Tsohon malamin lakkwal:
Ɗana, dakatarwa tana nuna wanda ke da iko ne, ba ta nuna wanda ke da gaskiya, ta kowane ɓangare. Wakilan da ke aika wa waɗannan tashoshi rahoto daga Yamai da Maraɗi ƴaƴan ƙasar nan ne, da mu suke sallar Juma'a. Ƴan jaridarmu na gida kuma suna aiki ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet da aka gyara a Yunin 2024, wadda ta dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a, saboda haka in ka ji sun yi shiru a kan wani abu, kada ka ɗauka bai faru ba. Ka tuna hirar da Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi da Hausa a ƙarshen Disamban 2024, inda ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta fito ta musanta. A cikin zauren nan wa ke da hanyar tantancewa? Abin da za mu iya faɗa da gaskiya shi ne an yi zargi kuma an musanta, sai mu tsaya nan.

Hajiya mai atamfa:
Ni duk wannan dogon turanci bai dame ni ba, salular nan ita ce annoba. Ana gobe ɗaurin auren ƴata wani ya turo hoton bidiyo cewa ƴan bindiga sun tare hanya wajen Madarumfa, dangin ubanta na Katsina mota biyu suka fasa tahowa, shinkafar da na dafa sai almajirai. Daga baya aka gane hoton tsoho ne, ba ma na ƙasar nan ba. Kuma wanda ya turo shi ɗan kishiyata ne, har yau bai zo ya ce mini sannu ba, uwarsa ma cewa ta yi wai taimako ya yi. Kai kuwa ɗana, ka mayar wa tsoho rediyonsa. Mahaifina har ya rasu da rediyo a gefen matashinsa yake kwana.

Direban hanyar Jibiya:
Alhaji, da ka zo tasha a daren nan ka tambayi ko yaron mota, da ya faɗa maka sanda ba ta ɗaga ba. Mu ne muke kwana a Ɗan Isa, amma ba mai tambayarmu sai kaya sun lalace. Kuma har yanzu ba ka faɗa mana abin da yayanka ya saka ba. In gaskiya ne abin da ya saka, to ka cire babba a gaban ƙannensa a kan me?

Mai neman shawara:
Na gode muku duka. Malam, na ji bayaninka, amma wanda ya karanta labarin ya san ƴan kasuwa na sauraronsa, me ya hana shi ƙara cewa sanda tana nan a rufe? Rabin gaskiya ne ya cinye mini raguna. Kuma ni ba ni da lokacin zama da tasha biyu ina auna su, da asuba nake fita kasuwa. Hajiya, ba mugunta ta sa na riƙe rediyon ba, ku ba ku ga yadda hannun Baba ke rawa ba ranar da ya ji labarin wani hari. Abin da yayana ya saka kuwa ba zan maimaita shi a nan ba, Malam da kansa ya ambaci doka, kuma ni ne sunana ke kan zauren.

Tsohon malamin lakkwal:
A kan doka kana da hujja, ban musa ba. Amma Baba yana zama a majalisa bayan la'asar, kuma duk abin da ka hana shi ji daga rediyo zai ji shi daga bakin mai shayi, da ƙarin gishirinsa.

Direban hanyar Jibiya:
To ka turo mini shi ta gefe in gani mana.

Mai neman shawara:
Rediyon zan duba in kai shi gyara in na samu sarari bayan kasuwar Juma'a. Yayana kuma shi ya fara kirana jahili a gaban matanmu, don haka shi zai fara ba da haƙuri kafin in mayar da shi.